Boreni: Bin Diddigin Sunan Kura a Harshen Armeniyanci

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin kalma guda tak, watau boreni, wadda Armeniyawa ke rubutawa da baƙaƙensu kamar haka: բորենի. Ita ce sunan da suke kiran kura da shi tun farkon rubutunsu har zuwa yau. Mai karatu zai iya tambaya ko mene ne ribar ɓata tawada a kan kalma ɗaya ta wani harshe mai nisa. Amsar ita ce, tambayar da wannan kalma ta tayar ta shafi duk wani mai nazarin asalin kalmomi: idan ƙa'idojin sauye-sauyen sauti suka kasa raba gardama tsakanin ra'ayoyi biyu ko uku, shin ya halatta manazarci ya nemi shaida daga al'ada da camfe-camfen masu harshen? Ni dai ina ganin ya halatta, amma bisa sharaɗi, kuma zan yi ƙoƙarin nuna haka a nan.

Tun da fari ya kamata a san wace dabba ake magana a kai. Bahaushe ya bambanta kura mai dabbare-dabbare da sayaki mai zane-zane a jiki da doguwar geza a gadon baya. Kura mai dabbare-dabbare ta Afirka ce, kudu da Hamada. Wadda Armeniyawan dā suka sani sayaki ne, domin shi ne ya bazu tun daga arewacin Afirka, ya bi ta ƙasashen Larabawa da Farisa da gindin duwatsun Kaukasus, har ya kai Indiya. Ba ya farauta a garke kamar kura. Mushe ne mafi yawan abincinsa, da dare yake yawo shi kaɗai, kuma a ko'ina cikin waɗannan ƙasashe an yi masa shaidar tonon kaburbura. Saboda haka duk inda na ce kura a wannan maƙala game da Armeniya ta dā, sayaki nake nufi. Wannan bambanci zai yi mana amfani idan muka zo kan zancen launi.

Inda kalmar ta fara bayyana

Armeniyanci bai sami rubutu nasa ba sai wajen shekarar 405, lokacin da wani malamin addinin Kirista mai suna Mesrop Mashtots ya ƙago masa baƙaƙe 36. A lokacin an riga an raba ƙasar tsakanin Rumawa da Farisawa tun shekarar 387, kuma ana karatun ibada da Girkanci a wani sashe, da Suriyanci a wani. Aiki na farko da Mashtots da shugaban cocinsu Sahak da almajiransu suka sa a gaba shi ne fassara Littafi Mai Tsarki. Bayan taron Afisa na shekarar 431 aka kawo musu ingantattun kwafe na Girkanci daga Kustantiniyya, watau Istanbul ta yau, suka sake gyara fassarar a kansu. Harshen wannan fassara shi ake kira Grabar, watau harshen littafi, kuma shi ne madogara ta farko ga duk mai neman tarihin wata kalma ta Armeniyanci.

A cikin wannan fassara ne, a littafin Irmiya sura 12 aya 9, muke cin karo da kalmarmu, cikin siffar mallaka borenwoy. Akwai wani abin lura a wurin. Matanin Ibrananci na asali yana ɗauke da kalmar tsabu'a, wadda ake iya fahimta ta hanya biyu: ko dai kura, 'yar'uwar kalmar Larabci dab'u, ko kuma abu mai rini, mai launi-launi, daga saiwar da ta ba Larabci sibga. Shi ya sa fassarori da yawa suka ɗauki wurin a matsayin zancen tsuntsu mai dabbare-dabbare. Amma Yahudawan da suka mai da littafin zuwa Girkanci kafin haihuwar Annabi Isa sun zaɓi kura, suka sa hyaina, su kuwa Armeniyawa suka bi su. Abin da ya shafe mu shi ne, masu fassarar ba su ari kalmar Girkanci ba, alhali sun ari kalmomi da dama daga wannan harshe. Suna da tasu a hannu, wadda suka tabbata mai sauraro zai gane. Ke nan boreni ta girmi rubutun Armeniyanci, ta riga ta zauna a bakin jama'a kafin ƙarni na 5. A tsofaffin rubuce-rubuce kuma ana samun wata siffa tata, borean.

Su Girkawa, a taƙaice, ba su wahalar da kowa ba. Hyaina daga hys take, watau alade, da ɗafa-ƙeyar tamata. Gezar bayan dabbar ce ta tuna musu da gashin gadu. Daga nan Latin ya ara, harsunan Turai kuma suka gada.

Yadda aka gina ta

Kalmar ta rabu gida biyu ba tare da wata wahala ba: bor da -eni. Wannan ɗafa-ƙeya sananniya ce a harshen. An fi ganinta a sunayen itatuwa: t'uz ɓaure ne, t'zeni itacen ɓaure; nurn rumman, nrneni itacensa; haka dzit'eni, itacen zaitun, daga kalmar mai. Amma aikinta bai tsaya ga itatuwa ba. Daga khoz, alade, aka sami khozeni, naman alade. Daga vayr, fili ko daji, aka sami vayreni, na daji, wanda ba a horar ba. Ma'anarta ta asali ke nan ita ce "na abu kaza" ko "mai alaƙa da abu kaza". Ita ma -ean ta borean dangantaka take nunawa; ita ce -yan ɗin nan da ke ƙarshen sunayen zuriyar Armeniyawa. Siffofin biyu sun yi ittifaƙi a kan cewa kura ita ce "ta bor" ko "mai bor". Rigimar duka a kan wannan gaɓa guda take: mene ne bor?

Gado ko aro

Kafin a amsa wannan sai an ɗan koma baya. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, malaman Turai suna ɗaukar Armeniyanci a matsayin wani reshe na harsunan Iran, saboda tsananin yawan kalmomin da suka yi kama. Bajamushen nan Heinrich Hübschmann ne ya warware wannan a shekarar 1875. Ya nuna cewa Armeniyanci reshe ne mai zaman kansa a cikin babban dangin harsunan Indiya da Turai, kuma kalmomin da suka rikitar da magabatansa na aro ne. Dalilin aron a fili yake: Armeniya ta daɗe a ƙarƙashin inuwar daulolin Iran, kuma tun daga ƙarni na 1 har zuwa shekarar 428 wani reshe na gidan sarautar Arshak na Fartiyawa ne ke mulkinta. Kalmomin fada da na yaƙi da na shari'a da na kasuwa, har ma da na launuka, sun kwararo ta wannan hanya, kamar dai yadda na Larabci suka shigo Hausa ta hanyar addini da mulki da fatauci.

Ma'aunin da Hübschmann ya yi amfani da shi na sauti ne. Alal misali, tsohon baƙin p na farkon kalma yakan koma h a Armeniyanci, amma ya zauna yadda yake a harsunan Iran. Don haka uba shi ne hayr, Farisanci kuwa pidar. Biyar hing, Farisanci panj. Idan aka ga kalma irin patker, watau hoto ko siffa, da p ɗinta a tsaye, an san baƙuwa ce. Da wannan ma'auni da ire-irensa Hrachia Acharian, wanda ya yi karatu a wurin Antoine Meillet a Faris da kuma wurin Hübschmann kansa, ya tace saiwoyi kusan 11,000 a cikin babban ƙamusunsa na asalin kalmomi, wanda ya fito daga 1926 zuwa 1935. Duk da wannan gagarumin aiki, wajen rabin saiwoyin sun tsaya ba a tabbatar da asalinsu ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ma'aunin bai yi aiki a kan bor ba. Tsohon sautin da malamai ke rubutawa *bh yakan zama b a Armeniyanci, kuma b ɗin yake zama a harsunan Iran. Saiwar ɗauka ta ba Armeniyanci berem, ta ba Farisanci bar-, alhali a Sanskirit bhar- ce, a Latin fer-. Shi kuma r bai canza ba a ɓangarorin biyu. Baƙaƙen kalmar ke nan ba za su gaya mana ko gadonta aka yi ko aronta ba. Wasali kaɗai ya rage.

Ra'ayin launi

Ra'ayin da ya fi daɗewa shi ne cewa an sa wa dabbar suna ne daga launinta. Akwai wata saiwa da ake rubutawa *bher-, mai ma'anar launin ƙasa-ƙasa. Ita ake gani a Sanskirit babhru, da kuma beras na Lituwaniyanci, wanda ake faɗa wa doki. Ana danganta ta da sunan wata dabbar ruwa ta ƙasashen sanyi mai datse rafi da itace, wadda Jamusawa ke kira Biber, kuma da yawa suna danganta ta da Bär, sunan da Jamusawa ke kiran dabbar nan da Larabawa ke ce wa dubbu. Wannan misali na ƙarshe shi ya ba ra'ayin ƙarfi. Harsunan dangin suna da tsohon sunan dubbu, wanda ya wanzu a Girkanci arktos, da Latin ursus, da Armeniyanci arj. Amma kakannin Jamusawa sun yar da shi, bisa ga dukkan alamu don tsoron kada ambaton sunan ya jawo mai sunan, suka riƙa sakayawa. Mutanen Rasha ma haka suka yi, suka kira ta medved, mai cin zuma. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan ɗabi'a, tun da yakan ce igiyar ƙasa maimakon maciji, yakan kuma ce Amina maimakon kura. Idan an sakaya sunan dubbu da launi, me zai hana a yi wa kura haka?

Babu abin da zai hana, amma akwai cikas biyu. Na farko, kalmomin da aka kawo shaida da su suna da wasalin e ne ko kuma ninkin gaɓa. Siffa mai o wadda za ta haifi bor kai tsaye sai dai a ƙaddara ta. Sauyawar e da o abu ne da aka sani a tsohon harshen, saboda haka ba laifi ba ne a ƙaddara, sai dai shaidar da aka ƙaddara ba ta kai wadda aka gani ba. Na biyu, Armeniyanci ba shi da wata kalmar gado mai zaman kanta ta launin ƙasa-ƙasa daga wannan saiwa da za a ce daga gare ta aka gina sunan.

Wasu suka ce to a nemi launin a Iran. A Farisanci na tsakiya akwai bōr, da dogon wasali, launin doki ja-ja irin wanda Bahaushe zai kira aharas ko bikili. Tana nan a Farisancin yau a matsayin bur, a harshen Osetiyawa na Kaukasus kuma bur na nufin rawaya. Siffar ta yi daidai ƙwarai a ido, amma kunne yana da ƙorafi. Dogon ō na Iran, a tsofaffin kalmomin aro, yakan fito a matsayin oy: gōn ta zama goyn, launi, kabōd ta zama kapoyt, shuɗi. Idan kuma aka ƙara ɗafa-ƙeya nauyin furuci ya gusa gaba, sai oy ta koma u, kamar kaputak. Bisa wannan ƙa'ida, abin da za mu sa ran gani shi ne bureni, ba boreni ba. Gaskiya ne akwai kalmomin da suka kauce, kamar rochik, albashin yini, daga rōch, rana, inda ō ta fito o. Don haka ƙorafin bai kashe ra'ayin ba, ya dai raunana shi.

Ni abin da ya fi damuna da ra'ayin launi ba na sauti ba ne. Duk wanda ya taɓa ganin sayaki ya san ba ja ba ne, ba kuma ƙasa-ƙasa sosai ba. Toka-toka ne mai ɗan fari, da baƙaƙen zane a haƙarƙari da ƙafafu, da baƙin maƙogwaro. A ƙasar da dubbu da dila da barewa duk suka fi shi cancantar a kira su masu launin ƙasa, da wuya a ce wannan ce siffar da ta fara faɗo wa mai kallo a rai.

Ra'ayin cuta

Akwai wata bor a cikin Armeniyanci kansa, wadda ba sai an ƙaddara ta ba, ba kuma sai an je wata ƙasa neman ta ba. Ma'anarta kuturta. Daga gare ta aka sami borot, kuturu, kalmar da ta cika fassarar Littafi Mai Tsarki, da borotut'iwn, ciwon kansa. Ta fuskar ginin kalma babu wata matsala ko kaɗan: bor da -eni sun ba da boreni ba tare da an taɓa ko wasali ɗaya ba. Matsalar ta ma'ana ce. Me ya haɗa kura da kuturta?

Hrach Martirosyan, a ƙamusunsa na kalmomin gado na Armeniyanci da aka buga a Leiden a 2010, ya bi wannan hanya, ya nemi amsar a kare-karen harshen da tatsuniyoyin ƙauyuka. Ban da boreni, mutanen karkara suna da wani sunan kura da suka aro daga Farisanci kaftār. Wannan kalma ta yi yawo sosai a yankin: Kurdawa na cewa keftar, mutanen Azarbaijan kaftar, mutanen Jojiya aptari. A wurare da dama ba dabbar kaɗai take nufi ba, har da tsohuwa mai mugun hali, ko mayya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, a wasu kare-karen Armeniyanci an haɗa ta da k'os, watau ƙazuwa, aka sami harɗaɗɗiyar kalma k'awt'ar-k'osi. A nan ba hasashen malami ba ne. Masu harshen ne da bakinsu suka ɗaura ciwon fata a jikin sunan kura. Idan sun yi haka da kalmar aro a zamanin baya-bayan nan, ba abin mamaki ba ne a ce kakanninsu sun yi irinsa da bor.

Dalilin haɗin yana da fuska biyu, a ganina. Ta farko ta gani da ido ce. Gashin sayaki a hargitse yake, tsawonsa ba ɗaya ba, launinsa faci-faci, ga ɗoyi, ga tafiya kamar ta mai ɗingishi saboda ƙafafun baya sun fi na gaba gajarta. Kuma kada mu ɗauka mutanen dā suna nufin abin da likitan yau ke nufi da kuturta; duk ciwon da ya ɓata fata, ya canza mata launi, ko ya zubar da gashi, suna iya sa shi a wannan suna. Armeniyanci ma yana da wata kalma, pisak, da ya aro daga Iran, wadda ke nufin mai dabbare-dabbare, take kuma nufin kuturu. Larabawa kuwa sun kira tsaka sāmm abras, suka jingina ta ga barasu, ciwon da ya shigo Hausa da sunan albaras. Sanya wa dabba sunan ciwon fata ke nan ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. (Kada kamannin bor da barasu ya ruɗi kowa. Baƙi na uku na kalmar Larabci na cikin saiwa ne, ba ya faɗuwa, kuma babu wata ƙa'ida da za ta kai mu daga wannan zuwa waccan.)

Fuska ta biyu ta zaman jama'a ce, kuma ita ta fi nauyi. Kuturu a tsohuwar duniya mutumin bayan gari ne. Herodotus ya ba da labari cewa Farisawa ba sa barin mai wannan ciwo ya shiga birni ko ya cuɗanya da mutane, don suna ganin wani zunubi ya yi wa rana. A Armeniya kanta, marubutan tarihinsu na ƙarni na 5 sun ambaci yadda shugaban coci Nerses, a tsakiyar ƙarni na 4, ya sa aka gina wa kutare gidaje na musamman, aka yanka musu abinci daga garuruwa don su zauna wuri ɗaya. Wurin da aka tura kuturu, can gefen gari inda juji da makabarta da kangaye suke, nan ne kuma mazaunin sayaki. Dukansu biyu ana ƙyamar taɓa su, dukansu ana ganin alamar la'ana a jikinsu. Mayya ita ce ta uku a wannan rukuni. A camfin Armeniyawa akwai mardagayl, watau mutum-kyarkeci: macen da aka hukunta ta sa fatar kyarkeci har shekara bakwai, tana fita da dare tana cin 'ya'yan mutane, da safe ta koma mace. Mai karatu Bahaushe zai tuna da labaran masu rikiɗa su zama kura, waɗanda ake ji daga ƙasar Hausa da Barno har Habasha. Ba ina nufin wani ya koya daga wani ba. Dabbar ce ɗaya, halinta ɗaya, tsoron da take sawa kuma iri ɗaya.

Sharaɗin da na ambata a farko shi ne wannan: al'ada ba ta da ikon ceto asalin da sauti ya ƙaryata. Da a ce bor ta kuturta ba ta dace da boreni ta fuskar sauti ba, da tatsuniya dubu ba za ta amfane ta ba. Amma a nan sauti ya wuce da ita lafiya, har ma fiye da abokan takararta, abin da ya rage kawai shi ne a nuna cewa ma'anar mai yiwuwa ce a tunanin masu harshen. Wannan kuwa k'awt'ar-k'osi ta nuna. Shi ya sa na fi karkata ga wannan ra'ayi, ko da yake ban ce an rufe ƙofa ba.

Akwai kuma wata tambaya da ke biye: ita bor ta kuturta daga ina take? Idan aka dubi pisak, inda kalmar launi ta zama sunan ciwo, ba zai zama abin mamaki ba idan ita ma bor ta faro ne daga wani launi na fata. In haka ne, ra'ayoyin biyu sun haɗu a can ƙasa, bambancinsu kawai shi ne ko sunan ya zo wa kura kai tsaye daga launi, ko kuwa sai da ya biya ta gidan kutare. Amma wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga mai tarihi, domin hanya ta farko ba ta gaya mana kome game da Armeniyawan dā sai cewa suna da ido, ta biyu kuwa tana gaya mana wa suke kora bayan gari da kuma abin da suke haɗa shi da shi.

A yau sayaki ya yi ƙaranci ƙwarai a Armeniya da sauran ƙasashen Kaukasus, har yawancin masu faɗin kalmar ba su taɓa ganinsa a daji ba. Kalmar dai tana nan a daidaitattun kare-karen harshen guda biyu: mutanen Yerevan na furta ta da b, su kuwa Armeniyawan yamma, waɗanda suka watsu a Beirut da Halab da Faransa da Amurka bayan kisan ƙare-dangi na 1915, suna furta baƙin farko kamar p, rubutun kuwa ɗaya ne. Ma'anarta ta faɗaɗa ta haɗa da kurar Afirka, wadda yara suka fi sani daga littattafan makaranta da talabijin. Idan ana son a bambanta ta sai a ce btsavor boreni, watau boreni mai dabbare-dabbare. In kuwa ra'ayin Martirosyan ya tabbata, mai faɗin haka ya ambaci tabon fatar dabbar sau biyu ke nan, ɗaya da saninsa, ɗaya ba da saninsa ba.